Ƙararrawar Ɗaki Na Uku

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kin saba da zaman wurin ginin dam ɗin, da duwatsun da kika ce sun hana ku ko ɗigon sabis. Na san sai motar kayan abinci ta sauko da ke gari za ki ga wannan, don haka zan juye miki komai lokaci guda.

Gida lafiya ƙalau. Na leƙa Inna ranar Lahadi, na kai mata allurar sukarinta da na karɓo a tagarmu ta nan siton magunguna, ƙanwarki Auta ta sa a firji. Inna ta ce in tambaye ki ko kin fara cin abinci, ko har yanzu shayi ne ke riƙe da ke.

Kujerar da kika bar mini ta yi mini kaɗan, gwiwoyina na dukan teburi. Ranar farko Manaja ya tambaye ni yadda muke da ke. Na ce kakata da kakarki uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa. Ya kalli silin, ya ce, "To, ka dai zama rabinta a aiki, ya ishe ni."

Ai kuwa ina ƙoƙari. Editan da kika saita mini a kwamfuta don rubuta manhajar ɗakunan sanyin nan ya fi aboki. Ina buga harafi biyu sai ya jero mini sunayen umarnan da ke ciki, in danna maɓalli ya cike sauran. A gefe kuma ɗan akwati ya buɗe da bayanin da kika rubuta a saman kowane umarni. Layin farko kawai yake nunawa, sauran sai mutum ya danna. Allah Ya saka wa wanda ya tsara shi haka, domin Yaya, kina da surutu a rubutu. Kowane bayani sai kin ƙare shi da "Duba" da wani shuɗin suna, in an danna can ma a tarar da wani "Duba". Rannan na bi su na bi su, har na manta abin da na je nema.

Yanzu ga labari mai daɗi. Kin tuna ƙararrawar ɗaki na uku, inda ake ajiye allurai? Tun da kika tafi, kullum rana ta take sai ta hau ihu. Makanike ya zo da safe ya dudduba injin sanyin, ya ce lafiyarsa lau. Manaja ya ce lallai manhajar ce ke ruɗewa, in nemo abin da ke damunta.

Na zauna na yi mata shara. Akwai umarnan da editan ya mayar launin toka, alamar babu mai kiransu ko'ina a cikin manhajar. Na tattara su na goge. Sai wani "Duba" naki, wanda ke ƙarƙashin umarnin kwantarDaKararrawa, ya yi jan layi, wai sunan da yake nunawa babu shi kuma. Na share sunan, na buga "ta", editan ya miƙo mini tantanceKararrawa, na karɓa. Jan layi ya ɓace, komai ya yi tas.

Tun daga ranar ko ƙus ƙararrawar ba ta sake yi ba. Mai Sito ya ce ya samu barcin ranarsa, Manaja kuma ya dafa kafaɗata a gaban mutane. Ki yi mini barka.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Amin wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Ina lafiya, sai gajiya da ƙura. Ɗakin da suka ba ni kwantena ce aka huda wa taga, da rana tanda, da asuba firji. Ka gaya wa Inna ina cin abinci, amma kada ka rantse mata. Ka gaishe da Kawu, ya ƙafar tasa? Ka ce masa ya daina hawa tsani da kansa, yana da ɗa mai tsawon da ba ya buƙatar tsani. Na gode da kai wa Inna allura. Allah Ya bar zumunci.

Kujera kuwa akwai ɗan ƙarfe a ƙasanta ta hannun dama, ka ja shi sama. Wata nawa kana dukan teburi da gwiwa ba ka leƙa ƙasa ba? Kai dai har yanzu kana nan yadda na san ka. Tun kana yaro in an aike ka, kafin a gama faɗin saƙon ka kai bakin ƙofa.

Shi ya sa maganar sharar nan ba ta kwanta mini ba. Wa ya ɗauke ka aikin shara? An ce ka nemo dalilin kukan ƙararrawa, kai kuma ka ɗauko tsintsiya. Editan nan da kake yabo bai san komai ba sai abin da ke gabansa. Yana cike maka suna ne don harufan sun yi kama, ba don ya san nufinka ba. In ka danna maɓalli, kai ka rubuta, ba shi ba. Bayanan da kake kira surutu kuma ban rubuta su don nishaɗi ba. Na ware rana na zauna na yi su ne saboda wanda zai gaje ni, ban ma san kai ne ba. Kowane "Duba" igiya ce tsakanin abu biyu da dole a taɓa su tare. In ya yi ja, tambayarka yake yi, ba kwalliya yake nema ba.

Kada ka ga na yi tsauri. Ni na tsaya maka a wurin Manaja, kuma na san kana da kai. Haƙuri ne kawai bai ishe ka ba. Ka riƙa tafiya da ruwa ofis, na san ba ka sha sai an tuna maka. Ka kuma yi hankali da Mai Sito, mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya riƙe magana.

Direba yana ta yi mini hon. Af, kafin in manta: ina fata cikin waɗanda ka goge babu tasheKararrawa. In yana ciki, ka dawo da shi yau ɗin nan daga tsohon kwafi. Dalilin yana cikin bayaninsa, ka duba can.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Baba ya gode, ƙafa da sauƙi.

Inna ce dai jikin ba daɗi kwanan nan. Ƙishirwa ta dame ta, tana yawan fita bayi, kuma Auta ta ce in ta gwada sukarin sai ta ga ya hau, alhali ba a fasa allura ko sau ɗaya ba. Sun je asibiti, likita ya ƙara mata yawan allurar, ya ce ko tana satar zaƙi a ɓoye. Inna ta ji haushi har ta ƙi yi masa sallama. Na sake kai mata sabon kwali jiya, kada ki damu.

Na karanta wasiƙarki har wurin da kika ba ni tsintsiya. Daga nan na gane inda sauran ya dosa, na rufe. Yaya, na yi zaton ko sau ɗaya za ki ce sannu da ƙoƙari. Kowa a nan ya ga aikin ya yi kyau, sai ke da ke bayan duwatsu kika hango aibinsa. Na san ke kika samo mini aikin, ba sai an tuna mini ba. Amma yanzu ni ke kan kujerar, kuma na ɗaga ta, na gode.

In ba ki misali ɗaya, don ki san ba da ka na yi ba. Akwai wani tasheKararrawa da kika yi wa bayani har sakin layi uku, mafi tsawo a duk manhajar. Layin farko cewa yake, "Yana tayar da ƙararrawa." To, na bincika da editan, babu wuri ɗaya da ake kiransa. Matacce ne, kin yi masa doguwar riga. Na goge shi, ga shi duniya ba ta tashi ba.

Aiki ya yi mini yawa, ƙila in ɗan jima ban rubuto ba.

Dogo

*

ƘARARRAWAR ƊAKI NA UKU A KASHE TAKE. A DAINA YI WA INNA WANNAN ALLURAR YANZU.

Dogo, karanta wannan har ƙarshe, don girman Allah.

Duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin don lodi, kwantarDaKararrawa yana rufe mata baki. In an rufe ƙofa, ɗan akwatin nan fari da ke jikin bango kusa da ƙofar shi ke kiran tasheKararrawa da sunansa, ya mayar da ita bakin aiki. Akwatin ba ya cikin manhajar, shi ya sa editan bai ga mai kira ba. Ka goge umarnin, akwatin yana kira babu mai amsawa. Tun lodin farko bayan shararka take kwance.

Kukan da take yi da rana gaskiya take faɗa. Ina zargin injin yana gazawa in zafi ya yi yawa, makanike kuma da safe ya zo. In haka ne, alluran ɗakin sun sha zafi, ƙarfinsu ya tafi. Har da na Inna, har da na duk wanda ya saya.

Na kira ka har batirina ya kusa mutuwa, ba ka ɗauka ba. Na samu Auta, na ce ta kai Inna asibiti da kwalin a hannu. Muryar Inna da na ji ta bayanta ba ta yi mini daɗi ba, magana take tana jan ta.

Ga abin da za ka yi. Dawo da umarnin daga tsohon kwafi. Buɗe tarihin zafin ɗakin, wanda na'urar ke ajiyewa, ka duba tsakar rana. Abin da ka gani ka kai wa Mai Magani, mai kula da ingancin magungunan sito, ita ke da ikon tsayar da kaya. Ita, ba Manaja ba.

Na rubuta mata saƙo, yana nan ban aika ba. Na fi so ta ji daga bakinka. Mota za ta juya da la'asar. In ban ji daga gare ka ba kafin nan, zan aika, kuma ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarka in ka ga dama.

*

Yaya,

Inna tana asibiti, an kwantar da ita, ana ƙara mata ruwa. Ba ta gane mutane sosai tukuna. Likita ya ce an kawo ta a kan gaɓa. Auta tana wurinta, ni ma daga can nake.

Ɗan saƙon da na tura miki, "Na gani, ina kai," ban san ko ya same ki kafin mota ta juya ba. Ga yadda aka yi.

Kiranki ina gani na kife wayar, ba zan ɓoye miki ba. Da wasiƙar ta shigo kuma na yi niyyar barinta sai gobe. Amma wayata tana nuna layin farko ko ba a buɗe ba. Tun da nake ban taɓa ganin kin fara magana babu sallama ba. Na buɗe ta tun kafin in gane abin da kalmomin ke cewa.

Na dawo da umarnin. Na sauka ɗaki na uku, na buɗe ƙofa na rufe, na tsaya ina kallon farin akwatin. Ban gama sauke numfashi ba ƙararrawar ta fasa ihu. Masu lodi suka ajiye kwalaye. Mai Sito ya fito daga ofishinsa da takalmi ɗaya yana cewa, "Kai Dogo, ka sake ɓata ta?" Na ce masa ya shiga ciki ya tsaya. Ya shiga, ya fito. Ɗakin da ya kamata ya sa mutum rawar ɗari, iska ce kawai mai ɗan sanyi kamar ta inuwar bishiya.

Na hau sama na buɗe tarihin zafin. Da safe layin yana kwance yadda ake so, lokacin da Mai Sito ke zagayen dubawa ke nan. Da rana sai ya yi tudu, kullum tudun yana fin na jiya. Babu wanda ya taɓa buɗe shafin, kowa ya dogara da ƙararrawa.

Manaja ya shigo ya tsaya a bayana, ya daɗe yana kallo. Ya tura ƙofa ya rufe.

Ya ce, "A kira makanike ya gyara injin yau. Kayan ciki a mayar ɗaki na biyu. Injin ne ya lalace yau da rana, ƙararrawa ta yi aikinta, shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba yau ba ne. Kuma an riga an fitar da kaya."

Ya ce, "Ka san in wannan shafin ya fita, sunan wa zai fara fitowa? Kai ka taɓa manhajar. Ina ƙoƙarin rufa maka asiri ne."

Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba, na kusa yarda. Na tuna Baba da yadda ya bi maƙwabta yana gaya musu na samu aiki. Sai wayata ta yi ƙara, Auta ce, tana kuka tana cewa Inna ta kira ta da sunan wata. Na ɗauki kwamfutar a buɗe na wuce shi, na sauka wurin Mai Magani.

Ta sa tabarau ta duba, ba ta tambaye ni laifin wa ba. Ta ce, "Tun yaushe?" Na nuna mata. Ta ɗauko jan tef ta manne ƙofar ɗakin da hannunta, ta zaunar da mutum biyu a waya, suna kiran duk kemis da asibitin da aka kai wa kaya. Ni ma ta miƙo mini waya. Wani mai kemis ya zage ni tas, na ce ya yi haƙuri, ya dai janye kayan daga kanta.

An dakatar da ni har a gama bincike. Mai Magani ta ce a bar ni in gama gyaran manhajar tukuna, tunda babu wani.

Na karanta bayanin tasheKararrawa, duka. Yana nan a sakin layi na uku: "Akwatin bango ne ke kiran wannan, edita ba zai gani ba, kada a goge." Na kuma koma na karanta ƙarshen waccan wasiƙar taki. Kin faɗa mini. Da na ƙarasa ta, da kwali na biyu bai je wa Inna ba. Da hannuna na kai mata shi, har tana sa mini albarka.

Ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Dogo

*

Inna ta farfaɗo.

Yau da hantsi ta buɗe ido ta ce Auta ta gyara ɗankwalinta, ta yi kama da mahaukaciya. Ta ci abinci. Sukarin ya sauko da sabuwar allura. Likitan da ya ce tana satar zaƙi ya zo ya ba ta haƙuri, ta ce za ta yi tunani.

Yaya, shirunki ya yi yawa. An ce ruwa ya cinye hanyar dam ɗin, ina ta gaya wa kaina shi ne dalili. In kuma ba shi ba ne, na fahimta.

An dawo da yawancin kayan. Akwai wani dattijo da shi ma aka kwantar a wani asibitin, an ce yana samun sauƙi. Sauran da aka riga aka yi amfani da su, Mai Magani tana bin sawu ɗaya bayan ɗaya. Ba na iya barci sosai.

Kwamitin binciken zai zauna mako mai zuwa. Mai Sito ya ce ya ji ana cewa ba za a mayar da ni ba, kin dai san bakinsa. Kafin nan ina bin bayananki ɗaya ɗaya. Ban goge ko kalma ba. Abin da na yi kawai, duk inda akwai gargaɗi na ɗauko shi na kai layin farko, inda ɗan akwatin zai nuna wa mai gaggawa irina. Wancan "Duba" da na karkatar na mayar da shi inda kika nufa, da hannu na buga sunan har ƙarshe. In kin ga na yi karambani, ki faɗa. Zan karanta duka.

Na gaya wa Inna komai. Ta dube ni ta ce, "To wa zai riƙa kawo mini allurar in ba kai ba?" Na fita waje don kada ta ga fuskata.

Dogo

*

Dogo,

Ba fushi ba ne, gada ce ta karye. Ɗan saƙonka ya same ni ina hawa mota, na goge wanda na rubuta wa Mai Magani. Daga nan ban sake jin komai ba. Kullum sai in hau saman kwantena in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ban san ko ina da uwa ko babu ba.

Yau muka sauko, rabin hanyar a ƙafa. Wasiƙunka biyu suka shigo tare. Na kasa buɗe ko ɗaya. Sai idona ya faɗa kan layin da wayar ta nuna na ta ƙarshen. Kalma uku. Na zauna a kan matakalar wani shago na yi kuka, mai shagon ya kawo mini ruwa. Sai da na natsu na karanta sauran.

Na yi magana da Inna yanzu. Ta ce ka rame.

Gyaran da ka yi wa bayanan ka bar shi haka, daidai ne. Zan rubuta wa kwamiti yau kafin mota ta juya. Zan gaya musu inda gargaɗin yake a da, da wanda ya ɗauki kwamfuta ya sauka da ita ƙasa alhali an rufe masa ƙofa. Ban san ko zai hana su abin da suka yi niyya ba. In sun sallame ka, za mu nemi wani, kuma ni zan sake tsaya maka.

Kwalin Inna na gaba kai za ka kai mata, ko daga ina aka saye shi.

Waccan wasiƙar na aiko maka ita babu ko sallama, abin yana ta damuna. To, assalamu alaikum, ƙanina. Ina kwananka, ina gajiya? Ya jikin Kawu? Kai fa, kana cin abinci?

Yayarka